Zauren Adabi: Wa Ya Zaɓa, Wa Ya Biya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, wataƙila don jarrabawa ta ƙarato. Na ware huɗu. Uku daga cikinsu sun shafi littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, lokacin da Rupert East yake shugabanta. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shekara fiye da casa'in ke nan, amma har yau ana gardama a kan mutanen da ke cikinsu kamar maƙwabta ne. Wannan yana faranta mini rai ƙwarai.

TAMBAYA TA FARKO

Allah ya gafarta Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Zariya. Malaminmu na Hausa ya ce jigon Shaihu Umar shi ne bauta. Yayana da ke jami'a ya ce a'a, haƙuri ne da yarda da ƙaddara. A wani littafin bita kuma na ga an rubuta muhimmancin ilimi. To wanne zan ɗauka? Kuma yaya mutum zai gane jigo da kansa, in ba wanda ya faɗa masa?

AMSA

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Malaminki bai yi kuskure ba, yayanki ma akwai gaskiya a bakinsa. Abin da ya rage shi ne kowannensu ya miƙo miki amsa bai nuna miki hanyar da ya bi ba. Bari mu bi ta tare.

Ki sami takarda ki tsaga ta gida uku da biro. A gida na farko ki rubuta abin da ya faru, a na biyu wanda ya jawo shi, a na uku wanda abin ya faɗa wa. Sai ki bi labarin, duk inda ya karya kwana ki tsaya ki cike layi ɗaya. Haka nake sa ɗalibaina su yi tun ina koyarwa a aji, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi shi da gaske ya dawo yana tambayata jigo ba.

Mu gwada. An haifi Umar a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Me ya raba Makau da gari? An je hari, an kamo bayi, fadawa masu hassada suka yi masa ƙazafin cewa ya ɓoye wasu, sarki ya kore shi. Layi na farko ke nan, kuma bayi ne a cikinsa. Uwar ta tafi Fatika wajen iyayenta ta bar yaron a hannun amana, wani ya sace shi. Don me ake satar yaro a wancan zamani? Don a sayar. Kura ta kashe ɓarawon, yaron ya tsira, amma tafiya ta ci gaba da shi har Kano, har hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa. Mece ce sana'ar Abdulkarim? Fatauci, kuma har da bayi a cikin hajarsa. Uwar ta fito neman ɗanta, ita ma aka kama ta, aka sayar, aka yi arewa da ita har Tarabulus. Ki duba takardarki yanzu. Kusan kowane layi, abu ɗaya ne yake tura labarin gaba.

Ga wata hanyar gwaji kuma. Jigo kamar ginshiƙin soro yake. Ki zare shi a zuci ki gani ko ginin zai tsaya. In kika cire karatun da Umar ya yi, labarin zai rage daɗi, amma uwa za ta rabu da ɗanta, za ta bi sawunsa, za ta mutu a baƙuwar ƙasa. In kuwa kika cire kamun mutane da sayar da su, babu abin da zai saura: Makau yana gidansa, Umar yana wasa a ƙofar gida a Kagara. Don haka a takardar jarrabawa ki rubuta bauta a matsayin babban jigo, ki kawo haƙuri da neman ilimi da hassadar fada a matsayin ƙananan jigogi, kowanne da hujjarsa daga cikin littafin.

Amma kada ki tsaya nan, domin kalma ɗaya ba nazari ba ce. Kowa yana iya cewa "bauta". Tambayar ita ce, me littafin ya nuna game da ita? A nan ne nake so ki zauna ki daɗe.

Dubi Makau. Duk wanda ya karanta yana jin tausayinsa, kuma ya cancanci tausayi, don an zalunce shi. Mutum ne mai gaskiya, mai riƙon amana, ya riƙi ɗan wani kamar nasa. To amma a wace hanya aka zalunce shi? A kan rabon mutanen da shi da hannunsa ya je ya kamo daga garuruwansu. Su ma suna da uwaye. Littafin bai tsaya ya ba mu labarinsu ba, sai dai bayan 'yan shafuka kaɗan abin da Makau ya je ya yi wa 'ya'yan wasu ya zagayo ya shiga gidansa, ya ɗauki agolansa, ya ɗauki matarsa. Marubucin bai ɗaga murya ya ce ku duba ba. Ya jera abubuwan ne kawai, ya bar mai ido ya gani.

Dubi Abdulkarim kuma. Ya riƙi Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mutumin kirki ne a gidansa. Amma ayarin da yake bi, irinsa ne ya kai uwar Umar inda ta ƙare. Ga mutanen kirki biyu, kowannensu yana ci daga sana'ar da ta wargaza gidan da yake ƙauna. Ni a ganina nan ne nauyin littafin yake. Da mugaye kawai aka zuba a ciki, da mai karatu ya tofar da yawu ya wuce. Da yake mutanen kirki ne, dole ka tsaya ka tambayi kanka abin da kai ma ka saba da shi har ka daina ganin muninsa.

Ki tuna kuma da lokacin da aka rubuta shi. Turawa sun shelanta cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan ranar da littafin ya fito, akwai tsofaffi a Bauci da Kano da Zariya waɗanda aka taɓa sa wa kuɗi a kasuwa, akwai kuma waɗanda suka taɓa saye. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin makarantar Midil ta Bauci, shi ya zauna ya rubuta wannan a tsakiyarsu. Sanyin muryarsa ba rashin damuwa ba ne. Magana ce ta wanda ya san masu sauraronsa abin ya shafe su kai tsaye.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi kowanne tsaya mini a rai. Sunan Umar ne a bangon littafin, shi ne kuma yake ba almajiransa labarin a Rauta, don haka shi ne babban tauraro, ba gardama. Amma ki koma gida na biyu a takardarki, ki ƙirga sau nawa Umar ne ya jawo abin da ya faru. Za ki ga kaɗan ne. Ɗaukarsa ake yi: ɓarawo ya ɗauka, masu tsinta su ɗauka, Balarabe ya ɗauka. Wadda ta tashi da ƙafarta, ba wanda ya aike ta, ta san hanya ba lafiya amma ta fita, ita ce uwar. Ita ta zaɓa, ita kuma ta biya da 'yancinta, daga baya da ranta, don ba ta daɗe ba bayan sun haɗu a Tarabulus ta cika.

Na taɓa karanta wannan wuri a aji, ranar wata Alhamis, darasin ƙarshe, zafi ya sa duk tagogi a buɗe. Kwafi ɗaya muke da shi, bangonsa ya cire an ɗinke shi da zare da kwalin sukari, don haka ni nake karantawa su saurara. Da na kai inda uwar ta ga ɗanta, ajin ya yi tsit, har ana jin masu tallan gyaɗa a bakin ƙofar makaranta. Wata yarinya a layin baya, wadda duk zangon ban ji muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi ya sami karatu ya sami suna. Ita me ta samu?" Na rufe littafin na ce kowa ya rubuta amsar wannan tambaya ya kawo ranar Litinin. Ban taɓa karɓar aikin gida mai kyau irin na wannan mako ba. Ke ma ki rubuta taki amsar, ko da ba za ta fito a jarrabawa ba.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ina koyar da Hausa a wata makaranta a Maraɗi. Na sa yara karanta Ruwan Bagaja, sai wani uba ya zo ya same ni ya ce yaya zan ba ɗansa littafin da jaruminsa maƙaryaci ne mai damfara. Na rasa abin da zan ce masa, don gaskiya Alhaji Imam yana yin abubuwan da ba zan so ɗana ya yi ba. Shin mutumin kirki ne ko kuwa?

AMSA

Abokin aiki, ina gaisuwa, ina kuma gaida wannan uba, domin ya karanta abin da aka ba ɗansa, kuma abin da ya gani yana nan a cikin littafin. Kada ka musa masa. Alhaji Imam yana ƙarya, yana yaudara, yana jefa Malam Zurƙe ɗan Muhamman cikin wahala, shi ma Zurƙe yana ramawa duk inda ya sami dama.

Inda zan roƙi uban ya sake dubawa shi ne wannan: tauraron labari ba lalle ne ya zama abin koyi ba. Tauraro shi ne wanda labari yake bin sawunsa. Ai mun san haka tun muna kan tabarmar kakanninmu. Wace tsohuwa ce ta taɓa ba jikokinta tatsuniyar Gizo don su zama Gizo? Ana ba da ita ne don yaro ya san akwai masu irin wannan hali a duniya, ya ga yadda suke shiga da yadda suke fita, ya kuma ga irin mutanen da suke faɗawa tarkonsu.

Ɗauki haɗuwarsu ta farko. Alhaji ya sauka wani gari da ba masu karatu, ya ce shi malami ne, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Sai ga Zurƙe, wanda ya fi shi sani nesa ba kusa ba, ya zo zai tona masa asiri a gaban jama'a. Alhaji ya duƙa ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a faɗi mece ce. Zurƙe ya bi ta hanyar karatu, yana kawo sunayen haruffa. Alhaji ya ce ba ɗaya, wannan tsayuwar wata ce. Mutanen gari suka leƙa, suka ga lalle ta yi kama da jinjirin wata, suka bi Zurƙe da kora.

Yara za su yi dariya a nan, kuma ya kamata su yi. Bayan sun gama sai ka tambaye su: wa ke da gaskiya? Zurƙe. Wa ya yi nasara? Alhaji. To wa ya ba shi nasarar? A nan za su yi shiru kaɗan, sannan wani ya ce mutanen gari. Shi ke nan, sun kama bakin zaren. Wannan wuri ba yabon ƙarya yake yi ba, kuka yake yi da garin da ba ya iya bambance malami da mai rawanin malamai. Inda jama'a ba su da ma'auni, mai baki shi ke cin kasuwa. Ka tambayi uban nan ko bai taɓa ganin irin wannan a zamaninmu ba, a wajen masu maganin gargajiya na bakin tasha ko a cikin wayar da ke aljihunsa.

Akwai kuma abin da ya fitar da Alhaji daga gida tun farko. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman, wanda ya riƙe Alhaji kamar uba, ya ce da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, sarki ya wulaƙanta shi a bainar jama'a. Don ya wanke wannan dattijo daga kunya Alhaji ya ɗauki sandarsa. Niyyar mai kyau ce tsantsa, hanyar kuwa cike take da laka. Marubucin ya haɗa su a jikin mutum ɗaya da gangan, kuma wannan ne ya sa Alhaji yake da rai, ba kamar gunkin da aka sassaƙa don wa'azi ba. Aikin mai nazari shi ne ya riƙe biyun tare, kada ya saki ɗaya don ya huta.

Abu biyu zan ƙara maka. Na ɗaya, wannan zubi na mutum biyu da suke ta karo da juna gari bayan gari yana da asali a karatun zaure. Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne, ya san Maƙamat na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, inda a cikin maƙama 50 mai ba da labari yake ta cin karo da Abu Zaidu, wani fasihi mai wayo da ke sauya kama a kowane gari. Malamanmu sun daɗe suna karantar da wannan littafi saboda Larabcinsa, ba wanda ya ce ya lalata almajirai. In uban ya yi karatun zaure, wannan kaɗai za ta iya kwantar masa da hankali.

Na biyu, ka lura da bakin da labarin ya fito. Alhaji ne da kansa yake ba da shi, a gidansa, a gaban baƙonsa Koje Sarkin Labari da sauran jama'a. Duk abin da muka sani game da Zurƙe, daga bakin abokin gabarsa muka ji. Ka sa yaranka su sake rubuta labarin tsayuwar wata daga bakin Zurƙe, yana ba matarsa da daddare, ƙafafunsa a kumbure saboda gudu. Za ka ga yadda tausayinsu zai sauya wuri. Ka aika wa uban abin da ɗansa ya rubuta.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ni tela ne a zangon Kumasi, shekaruna sun haura sittin. Ina karanta wa jikokina Magana Jari Ce don kada Hausarsu ta gudu. Wani ya ce mini labaran ciki duk na aro ne daga Larabawa da Turawa. Gaskiya ne? Kuma wane ne babban tauraro, Musa ko aku?

AMSA

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya raya jikokin nan. Abin da aka faɗa maka akwai gaskiya a ciki, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta littafin, an kuma tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban ya duba, ciki har da Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus. Ko dabarar tsuntsu mai hana mutum fita ta hanyar ba shi labari tana da tsohon asali a Indiya. Amma kai tela ne, ka fi ni sanin wannan: shadda daga waje ake kawo ta, wanda ya yanka ya ɗinka ya yi mata aiki a wuya shi ake tambaya wa ya yi rigar. Ka saurari yadda fadawan ciki suke magana, da yadda alƙali yake zare ido, da yadda ɓarayi suke ciniki. Waɗannan ba a kawo su daga ko'ina ba.

Tauraro kuwa aku ne. Musa ɗan Sarki Abdurrahman shi Waziri yake so a kashe, shi ake tsarewa, amma wanda yake yin aikin kowane dare shi ne aku. Waziri yana da muƙami da mutane da makirci, aku ba shi da komai sai harshe, kuma da harshen ya riƙe yaro a gida har uban ya dawo daga yaƙi, daga baya ma akun ne ya zama waziri. Sunan littafin ya riga ya faɗi jigonsa. Idan ka gama wa jikoki labari ɗaya, ka tambaye su me ya sa aku ya zaɓi wannan labarin a wannan daren.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam, mu mata ne guda shida a unguwarmu a Kano, muna haɗuwa duk ranar Asabar mu karanta littafi. Mun gama Jiki Magayi, gardama ta kaure. Wasu sun ce laifin Malam Shaihu ne da ya ƙwace wa yaro budurwa da kuɗi. Wasu sun ce na Abubakar ne da ya ƙi haƙura. Ɗaya ta ce Zainabu ce ta jawo komai. Ka raba mu.

AMSA

Hajiya, ina gaida ku duka shida, kuma ina roƙon kada ku bar wannan zama na Asabar ya mutu.

Ga abin da ya faru a taƙaice, saboda waɗanda ba su karanta ba. A garin Galma, Abubakar da Zainabu suna son juna. Malam Shaihu, attajiri ne da bai sami haihuwa ba, ya shigo da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Zainabu ta haifi ɗa, ana kiransa Kyauta. Abubakar ya samo asirin da ya nema, ya sauke shi a kan yaron. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, a ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Ba zan raba ku ta hanyar nuna mutum ɗaya ba, don littafin bai ba da wannan dama ba. Amma laifuffukan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma zan faɗi yadda na auna su.

Malam Shaihu shi ya fara. Yana da buƙata ta gaske, duk wanda ya ga gidan da ba haihuwa ya san zafinta. Sai dai ya san yarinyar da wanda take so, ya kuma san cewa abin da yake da shi saurayin ba shi da shi, ya yi amfani da wannan. Bai karya doka ba, an ɗaura aure an yi biki. Wannan ne ma ya sa zaluncin ya yi wa Abubakar ciwo, don babu alƙalin da zai kai wa ƙara.

Abubakar kuwa, farkon labarin zuciyata tana tare da shi. Inda na rabu da shi wuri ɗaya ne, kuma ina so ku koma ku same shi a littafin ku sa masa alama: lokacin da ya yanke cewa ta jikin yaron zai rama. Hausawa suna cewa rama cuta ga macuci ibada, to amma ga macuci aka ce. Kyauta bai ƙwace budurwar kowa ba. Ranar da aka yi abin ko cikinsa ba a ɗauka ba. Daga wannan wuri Abubakar ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi, zaluncinsa kuma ya fi wanda aka yi masa, don shi an raba shi da mace, shi kuwa ya raba yaro da halinsa na gari, ya raba shi da ubansa, ya ɗora masa jinin da ba zai wanku ba. Shekarun da ya kamata ya yi gida ya yi iyali, a dazuzzuka ya ƙarar da su yana neman abin cutarwa.

Sai 'yar'uwarku da ta ɗora wa Zainabu. Ina so in yi mata magana a hankali, don na sha jin wannan daga bakin ɗalibai, maza da mata. Ku ɗauki littafin ku ƙirga wuraren da aka tsaya aka ji ta bakin Zainabu, sannan ku ƙirga wuraren da maza suke yanke shawara a kanta. Yarinya ce a gidan iyayenta a wancan zamani, ga attajiri a zaure. Ko da an ce zuciyarta ta karkata, ku auna ƙarfin da ke hannunta da wanda ke hannun mazan nan biyu. Sannan ku duba abin da ta kwashe: saurayin ƙuruciyarta ya zama maƙiyin gidanta, ɗanta ɗaya ya lalace a gabanta tana kallo ba ta san dalili ba, mijinta ya mutu a hannun ɗan da ta haifa masa.

Ranar Asabar mai zuwa, kafin ku ɗauki sabon littafi, ku ba wannan awa ɗaya. Ɗaya ta zama Zainabu, ɗaya ta zama Kyauta, a daren da ya gane wanda ya kashe. Sauran huɗun ku yi shiru ku saurari abin da uwa da ɗa za su ce wa juna. Ku rubuto mini abin da aka faɗa, zan buga shi a wannan shafi in Allah ya kai mu wata mai zuwa.